Kurman Bakin Rijiya

Waɗanda suka san Alhusaini da tsufansa sun san shi ne zaune a gefen kasuwar Ibohaman, ƙafa ɗaya a miƙe, yana tufkar igiyar kaba a cinya. Ba ya hira, ba ya jan ciniki. Ka taya, in ya yi masa ya miƙo maka, in bai yi ba ya ci gaba da tufkarsa kamar ba ka nan. Yaran yanzu sun ɗauka kurma ne na gaske. Kunnensa garau yake. Ni ce na laƙaba masa sunan tun muna da sauran ƙuruciya, kuma ina da dalilina. Sunana Cima, matar wansa ce ni.

Tagwaye ne su. Maigidana shi ne babba, kuma ba sai na kama sunansa ba, kowa ya san wanda ke zuwa kafin Alhusaini. Haƙar rijiya suka gada. Daga Garhanga har tsaunukan Buza, in rijiya ta ƙafe ko ta rufta, su ake aika wa. Tun suna samari ubansu ya raba musu aikin: babba ya shiga rami, ƙarami ya riƙe igiya. Uban nasu da ɗingishi ya mutu, don wata rana mai riƙe masa igiya ya waiwaya zai amsa sallama, igiya ta kuɓuce. Saboda haka bai koya wa Alhusaini abubuwa da yawa ba, abu ɗaya ya dasa masa: muddin ɗan'uwanka yana ƙasa, ba ka da kunne sai nasa.

Ga yadda suke yi. Igiyar kiri ce, ta fatar bijimi, Alhusaini ya kitsa ta da hannunsa, ba ya ba kowa aronta. Sai ya zauna a bakin rijiya, ya dafe ƙafafu a jikin itacen da aka gitta, ya naɗa kirin a ƙugunsa, ya sake naɗa shi a hannun dama. Maigidana ya zauna a kan guntun sanda a ɗaya ƙarshen, ya yi bisimilla, ya faɗa duhu. Daga nan magana uku ce kawai tsakaninsu, duka daga ƙasa suke fitowa. «Sako!» sai igiya ta riƙa tafiya a hankali, hannu bayan hannu. «Tsaya!» ta tsaya cak. «Ja!» ya jawo shi. Kuma ko rana za ta faɗi, Alhusaini ba ya tashi daga bakin rami sai ya ga kan wansa ya fito.

Na ga wannan hali da idona shekarar da aka kawo ni gidan. Suna yasar rijiyar garinmu, gobara ta kama bukkar Alhusaini. Mata na kururuwa, na sheƙo da gudu na tsaya a kansa ina ihu, ina cewa ɗakinka na ci da wuta, hatsinka na ci. Ko ƙifta ido bai yi ba. Na ja rigarsa har ta yage. Sai da aka kira «Ja!» daga ƙasa, ya fito da wansa, ya warware kirin, ya naɗe shi tsaf, sannan ya dube ni ya ce: «Mi kika ce?» Ranar na raɗa masa Kurman Bakin Rijiya. Ƙanin miji abokin wasa ne, to amma wannan wasa ni kaɗai nake yin abina, shi bai taɓa ramawa ba. Gaskiya ya sha ba ni haushi. Na auri mutum ɗaya, na tarar kwano ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke zama, kuma sukan yi yini guda ba su ce wa juna uffan ba amma kowa ya san abin da ɗaya ke so. Ni mai baki sai na zama kamar baƙuwa a tsakaninsu.

'Yan shekaru bayan ƙasa ta samu mulkin kai aka yi wata damina da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. In damina ta sauka aikin rijiya yakan tsaya, mu koma tungarmu ta gona a gabashin kwari. A tsakiyar kwarin akwai wani tabki da kan taru kowace shekara, ana ratsa gefensa ruwa iya gwiwa. A wannan shekara ya cika ya batse, ya haɗiye gonakin fadama, ya haɗiye hanyar kasuwa, itatuwan bagaruwa sai kawunansu kake gani. Ƙoramu biyu da ke zuba a cikinsa, ta arewa da ta kudu, suka tsare mu kamar awaki a garke. Garin kasuwa yana can yamma, kana hango farin ginin lakwal, wato makarantar boko, amma ba hanyar zuwa. Mu kuwa mutanen dutse ne. Ruwan da muka sani shi ne wanda ake jawowa da guga. A duk tungar babu wanda ya iya iyo.

Maigidana ya daɗe da ƙaba, irin ta masu ɗaga dutse. Takan sauko, ya kwanta ya mayar da ita da hannu, ya tashi ya ci gaba da harkarsa. Wannan karon ta sauko ta ƙi komawa. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi tofi, aka gasa da tsumma mai ɗumi, ba abin da ya canza. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo. Mutumin da dutse ya taɓa fasa wa yatsa bai ce wash ba, ga shi yana cizon tabarma. Da gari ya waye ran kasuwa, abin da yake amayarwa ya koma kore mai wari, idanunsa suka faɗa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Akwai wani baƙo da ruwa ya tsare a tungarmu, Iliya kafinta. Kirista ne, gidansa na kusa da asibitin mishan da ke can wajen Madawa, ya zo neman itacen aiki ruwa ya rufe bayansa. Ƙato ne, mai yawan dariya, amma da ya leƙa ya ga maigidana sai dariyar ta ɗauke. Ya kira mu waje, ni da Alhusaini.

Ya ce: «Wagga cuta ba ta jiƙo ba ta. Hanjinai na yas sauka yam maƙale. Na ga irinta can wurinmu. In anka kai shi da wuri lokotoron asibiti na yi mai aiki shi tashi. In ba a kai shi ba, ban so in hwaɗa maku abin da ka biyo baya.»

Na ce: «To ƙaƙa za mu kai shi, Iliya? Hihhike gare mu?»

Ya ce: «Yau kasuwa. Kamiyon Madawa, babbar motar kaya, na nan ƙetare, da la'asar shika tashi. In ruwa yaz zuba yau, hanya ta yanke, sai wani sati ko wanda ka bi mai.»

Duk muka juya muka dubi tabkin. Alhusaini ya ce: «A hwaɗa mani abin da za ni riƙewa.»

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Iliya ya ce da ƙuruciyarsa ya yi cin rani a bakin teku, ya ja taru tare da masunta, ya ga yadda suke ɗaura zane a jikin sanda iska ta tura musu jirgi. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga. Ya ce a'a, daga bakin gaɓa yake kallo. Wato duk iliminmu na jirgin ruwa, na mutumin da ya yi kallo ne daga nesa shekara da shekaru. Da babu gara ba daɗi.

Dodo, Bafulatanin da ke zaune kusa da mu, yana da kwami biyu dogaye na itacen gawo da yake shayar da shanu a cikinsu da rani. Bai ko bari an gama roƙonsa ba ya ce a ɗauka. Kwami ɗaya in an sa shi a ruwa juyewa yake yi, shi ya sa Iliya ya ce a jera biyu, a bar fili a tsakani, a gitta musu sanduna a ɗaure tam. Aka cusa tsumma da ƙaro a wuraren da suka tsage. Mata suka kawo manyan goruna aka toshe bakunansu aka ɗaure a gefe da gefe. Aka cire ƙyauren karan ɗakinmu aka shimfiɗa a kan sandunan, nan mara lafiya zai kwanta. Aka tuge dirkar rumfa aka kafa a tsakiya. Ni kuma na haɗa gwado biyu na ɗinke, ɗaya na aurena ne. Duk wani ƙulli da aka yi a jikin abin nan Alhusaini ne ya yi shi, in wani ya ɗaura sai ya kwance ya sake.

Abin ya fito ba kyan gani, ko yara ba su yi dariya ba. Aka tura shi ruwa, ya tsaya. Mutum uku zai iya ɗauka, su ma da ƙyar. Iliya shi kaɗai ya isa ya nutsar da kwami biyun, don haka ba maganar ya shiga. Wani ya ce mace ta zauna, namiji ya je. Na ce wa zai yi jinya a can, wa zai wanke shi? Kuma duk tungar wa ya fi ni rashin nauyi? Aka ba ni hanya. Shi kuwa Alhusaini ba a ma tambaye shi ba, ya riga ya shiga da kirinsa a kafaɗa.

Azahar ta wuce, hadari ya fara haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin, ƙasansa ja. Iliya ya nuna shi ya ce iskar da ke zuwa gaban ruwa ita za ta kai mu yamma, ba mu da wata. Ya ba ni wani faffaɗan katako, ya nuna mini yadda zan tsoma shi a baya in karkata jirgin. Sannan ya ɗaura kirin a ƙasan gwadon, ya miƙa wa Alhusaini ɗaya ƙarshen, ya riƙe kafaɗarsa.

Ya ce: «Ka jiya da kyau. Wagga igiya ba ta rijiya ba ta. Kak ka naɗa ta jikinka. In iska tai yawa, ka sake ta gwado shi zubar da iska. Masunta haka na ga suna yi. In ka riƙe, ta kihe ku.»

Alhusaini ya dube shi kamar an zagi ubansa. Ya ce: «In saki igiya, Alasan na bisa?»

Iliya ya ce: «Awo. Don shina bisa za ka sake ta.»

Alhusaini ya ce ya ji. Ni na san wannan «na ji» ɗin, amma ba lokacin gardama. Aka kwantar da maigidana a kan ƙyauren aka ɗaure shi da rawani a ƙirji don kada ya gangara. Na shiga kwamin hagu, Alhusaini na dama. Maza suka tura mu har ruwa ya kai musu wuya, suka sake mu, Dodo na bin mu da addu'a da Fulatanci.

Da farko ba abin da ya faru. Gwado ya rataye kamar wanki, muna ta juyi a wuri ɗaya, ina tsoma katako ina fitarwa ban san abin da nake yi ba. Iska ta ɗauke ɗif, zafi ya sauko, kana jin kukan kwaɗi da nishin maigidana. Na dubi yamma na ga farin ginin bai matso ko taku ɗaya ba. Na ce a raina mun baro gida don ya mutu a kan ruwa, inda ko wanka ba za a yi masa ba. Hawaye suka zubo mini, na share da kafaɗa don hannuwana duka suna kan katako.

Sai wani sanyi ya taɓa mini ƙeya. Gwado ya motsa, ya kumbura, dirka ta yi ƙara, na ji jirgin ya zabura a ƙarƙashina. Ruwa ya fara tsagewa a gaban kwami yana wucewa ta gefena. Kawunan bagaruwa suka riƙa zuwa suna wucewa. Na gane in na danna katako nan, hancin jirgin ya yi can, na fara kauce musu. Wallahi na ɗan lokaci har wani daɗi na ji, na ce ashe haka abin yake. Na waiwaya in yi wa Alhusaini magana, sai ga abin da na gani. Ya dafe ƙafafu a jikin sandar da aka gitta, ya naɗa kirin a ƙugunsa, ya naɗa a hannun dama, idonsa a kan wansa. Zaman bakin rijiya sak.

Na ce: «Kurma, mi Iliya yac ce maka? Warware ta!»

Bai ji ba. Ya riga ya tafi inda yake tafiya.

Muna tsakiyar tabki iskar gaske ta iso. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mun san iskar hadari a tudu, tana kwashe jinka tana karya gero, amma a tudu akwai inda za ka raɓe. Nan babu. Sama ta yi duhu tun da sauran rana, ruwan da yake kwance ya tashi ya zama tuddai masu farin kai, suna dukan mu ta baya. Iskar ta karkato ta arewa, ta cika gwado har na ga ɗinkina yana buɗewa. Dirka ta sunkuya ta wajena. Kwamin Alhusaini ya fara ɗagawa sama, nawa ya nutsa, ruwa ya kwararo ta baki ya rufe mini cinyoyi. Gora ɗaya ta tsinke ta yi gaba abinta. Na saki katako da hannu ɗaya na ɗauki ƙoƙo ina kwarfa, abin dariya, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Na yi ihu. Na ce saki, na ce sako, na ce sassauta, ba kalmar da ban gwada ba. Na roƙe shi don Allah don Annabi. Na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa namiji ba, na ce kashe shi za ka yi, kai za ka kashe ɗan'uwanka da hannunka. Na jefe shi da ƙoƙon ya same shi a goshi. Yadda iska ke ƙara ƙarfi haka yake ƙara kwantawa baya yana ja, jijiyoyin wuyansa sun fito, kirin ya yanke masa hannu jini na bin igiya. A ganinsa wani abu ne ke son ƙwace masa wansa, kuma abin da ya sani ke nan tun yana yaro, in ana ja ka riƙe. Ni kuwa muryar sama ce, irin wadda ta gurgunta ubansa. Ban taɓa ƙin mutum kamar yadda na ƙi shi a lokacin nan ba, kuma ban taɓa jin na rasa dabara kamar haka ba. Ƙyauren ya karkace, ƙafafun maigidana suka zame cikin ruwa, rawanin nan kaɗai ya riƙe shi. Na yi kalmar shahada da ƙarfi.

Ruwan sanyin da ya bugi maigidana ne ya farkar da shi, ina tsammani. Na ga ya buɗe ido. Yana kwance rigingine, gwadon yana bisa kansa, ƙaninsa yana can sama da shi a kwamin da ya ɗaga. Ya dubi gwadon, ya dubi igiyar, ya dubi ƙaninsa. Mutumin da tun safe ko sunana bai iya kira ba ya ja numfashi, ya yi kira da muryar da nake ji tana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa.

«Sako!»

Hannun Alhusaini ya buɗe. Bai yi tunani ba, bai ko juya ba. Kirin ya fara tafiya, hannu bayan hannu, a hankali, yana zagaya ƙugunsa yana fita, kamar yadda ya yi sau dubu. Gwado ya buɗe gefe, ya yi ta kaɗawa yana zubar da iska. Dirka ta miƙe. Kwaminsa ya faɗo kan ruwa da ƙarfi, nawa ya taso yana tsiyaya.

«Tsaya!»

Ya tsaya.

«Ja kaɗan. Tsaya nan.»

Gwado ya sake ɗaukar iska, amma daidai wadda za mu iya. Haka muka ƙarasa rabin tabkin nan. Maigidana yana kwance yana kallon gwado, in ya ga dirka za ta sunkuya ya ce sako, in iska ta lafa ya ce ja. Tsakanin kira da kira yana amai, yana sumewa yana farfaɗowa, kowane kira ya fi na baya rauni, har sai da ya zama ni da ke kusa da shi ba na ji, leɓensa kawai nake gani. Amma Alhusaini yana ji. Ta cikin rugugin iska da tsawa, yana ji. Ni kuma na ciro ɗankwalina ina tsoma shi ina matsewa waje, ɗaya hannun a kan katako, ina kallon farin gini yana girma.

Ruwan sama ya fara sauka lokacin da hancin kwami ya caki laka a cikin gonar dawar wani bawan Allah. 'Yan kasuwa da suka fake a rumfuna sun daɗe suna kallon abin da ke zuwa, wasu sun ce aljanu ne. Da suka ji muryar mace na ihu sai suka ruga cikin ruwa. Kamiyon ya riga ya tayar da inji, direba na sauri ya wuce ƙorama kafin ta kawo. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta je ta tsaya a gaban motar ta ce sai dai ya bi ta kanta. Aka ɗauko maigidana a kan ƙyauren nan aka ɗora bisa buhunan albasa. Da aka zo kwance kirin daga jikin gwado, sai da aka ɓamɓare yatsun Alhusaini ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauka mun tsira. Wallahi na ɗauka. Duk tsawon hanyar nan ta Buza, mota na faɗawa rami tana fita, na rungume kan maigidana a cinyata ina ce masa mun ƙetare, saura kaɗan. Bai ƙara magana ba. Kiran nan na ƙarshe a kan ruwa, wanda ni ban ji ba, shi ne ƙarshen abin da ya faɗa a duniya.

Mun isa asibitin washegari da hantsi. Na nemi Lai'atu, matar Iliya, kamar yadda ya ce, ta bar abin da take yi ta shige gaba har aka karɓe shi. Sun yi masa aiki a ranar. Likitan ya fito ya yi magana, Lai'atu ta mayar mini da Hausar da zan gane: hanjin ya riga ya mutu da yawa, sun yanke abin da za su iya, saura na Allah. Ya kwana, ya yini. Alhusaini yana zaune a ƙasa a gefen gadon, an naɗe masa hannu da farin ƙyalle, bai ci ba bai sha ba. Kashegari bayan azahar, ina jiƙa masa leɓe da ruwa, na ga ƙirjin ya daina motsi.

Musulmin garin suka yi masa sutura, Allah ya saka musu. Yunusa, ƙanin Lai'atu, shi ya nemo liman, ya kuma bi su har maƙabarta. Ni ina zaune a tsakar gidan Lai'atu, matan da ban sani ba suna shigowa suna yi mini gaisuwa. Maza suka dawo, aka yi addu'a, aka watse. Ban ga Alhusaini ba. La'asar ta yi, ta wuce. Sai Yunusa ya zo ya durƙusa daga nesa.

Ya ce: «Inna, ƙanen maigidanki ya ƙi tasowa. Shi yas sa shi cikin kabari da hannunai, anka rufe, kowa yat tashi, shi yaz zamna. Liman ya yi mai magana, ni ma na yi. Kamar ba ya jin mu.»

Na ce: «Ba ya jin ku.»

Mace ba ta shiga maƙabarta, balle mai takaba. Na yafa zane na bi Yunusa, na tsaya a bakin shingen ƙaya. Ga shi can, zaune a gefen sabuwar ƙasa, ƙafafu a dafe, kirin a naɗe a cinyarsa. Duk haushin da na zo da shi, na hanya da na shekaru, na neme shi na rasa. Na kira shi da sunansa na gaskiya, abin da na daɗe ban yi ba.

Na ce: «Alhusaini, taso mu tahi. Rana za ta hwaɗi.»

Na ɗauka ba zai amsa ba. Sai ya ɗago kai, bai dube ni ba, ya ce: «Cima, ban taɓa sa shi rami in tahi in bar shi ciki ba.»

Ban koma gida ba. Na zauna a nan bakin ƙaya, shi yana ciki ni ina waje, muka jira tare har aka kira magariba.